Thomas More: Wazirin Ingila da ya ƙi rantsuwa, aka sare masa kai

A watan Afrilun 1534 aka kira Thomas More zuwa fadar Lambeth a Landan, aka miƙa masa takardar rantsuwa. Manyan ƙasa da yawa sun riga sun rantse. Shi ya karanta, ya mayar da ita. Bayan kwana huɗu aka kai shi kurkukun Hasumiyar Landan, bai ƙara kwana a gidansa ba.

An haife shi a Landan a shekarar 1478, mahaifinsa lauya ne da ya zama alƙali daga baya. Ya yi karatu a Oxford, sannan ya koyi shari'a. A ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana zama kusa da wani gidan masu zuhudu na ɗariƙar Katolika, yana ibada tare da su, yana tunanin ko zai bar duniya kamar yadda suka yi. A ƙarshe ya zaɓi aure da neman halal. Ya auri Jane Colt a 1505, suka haifi mata uku da namiji ɗaya. Da ta rasu a 1511, bai cika wata guda ba ya auri wata bazawara mai suna Alice, domin yaran ƙanana ne, suna buƙatar uwa.

Gidansa ne abin da mutanen zamaninsa suka fi mamaki. A lokacin da ba a damu da karatun mata ba, ya sa aka koya wa 'ya'yansa mata Latin da Girkanci daidai da ɗansa namiji. Babbar 'yarsa Margaret ta shahara da ilimi har ta fassara wani littafin Erasmus, abokin mahaifinta, zuwa Turanci. Iyalin kan taru su yi addu'a da dare, kuma akan karanta Littafi Mai Tsarki a lokacin cin abinci. Shi kansa yakan sa wata riga mai kaushi ta gashi a ƙarƙashin tufafin alfarmarsa don horar da jiki.

'Yan kasuwar Landan ne suka fara gane amfaninsa. Daga 1510 ya riƙe muƙamin mataimakin mai shari'a na birnin. A 1515 aka tura shi yankin Flanders cikin tawagar da ta je sasanta rikicin cinikin ulu da tufafi, kuma a wannan tafiyar ya fara rubuta littafinsa Utopia, wanda ya fito a 1516. Daga nan Sarki Henry na Takwas ya jawo shi fada. Ya zama kakakin majalisa a 1523, sannan a 1529 aka ba shi hatimin sarki, ya zama waziri kuma shugaban alƙalai.

Surukinsa William Roper, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ba da labarin wata mata da ta yi nasara a ƙara a gabansa, ta kawo masa kyautar safar hannu da kuɗi a ciki. Ya karɓi safar don kada ya kunyata ta, ya mayar mata da kuɗin. Duk ma'aikacin da aka taɓa ajiye wa ambulan a tebur ya san cewa hannu kan yi nauyi a irin wannan lokaci.

Sai dai tarihinsa na da tabo. Ya tsananta wa masu bin koyarwar Luther, ya farauci littattafansu, kuma a zamanin wazircinsa an ƙona mutum shida da laifin bidi'a. Mutumin da ya mutu saboda abin da zuciyarsa ta yarda da shi bai bar wa wasu wannan damar ba.

Rikicinsa da sarki ya taso ne daga maganar aure. Henry na son rabuwa da matarsa Catherine ya auri Anne Boleyn, Fafaroma ya ƙi amincewa, sai sarki ya nufi mayar da kansa shugaban cocin Ingila. More ya ajiye muƙaminsa a watan Mayun 1532, samunsa ya ragu ƙwarai, ya sallami yawancin barorinsa, ya kama bakinsa. A matsayinsa na lauya, ya yi lissafin cewa doka ba za ta kama wanda bai furta komai ba. Ya yarda majalisa na da ikon tsayar da magajin sarki, amma ya ƙi rantsuwar da ke soke ikon Fafaroma, kuma ya ƙi faɗin dalilinsa.

Ya yi wata goma sha biyar a tsare. Matarsa ta roƙe shi, Margaret ma ta je ta roƙe shi ya rantse ya dawo gida, kuma wasiƙunsa sun nuna cewa roƙon 'yarsa ya fi komai yi masa ciwo. An ƙwace dukiyarsa, har Alice ta sayar da tufafinta don biyan kuɗin abincinsa a kurkuku.

A ranar 1 ga Yulin 1535 aka gurfanar da shi. Wani jami'i mai suna Richard Rich ya shaida cewa ya ji shi yana musun shugabancin sarki a kan coci. More ya ƙaryata shi, amma aka same shi da laifin cin amanar ƙasa. An sare masa kai a ranar 6 ga Yuli, aka kafe kan a gadar Landan, daga baya Margaret ta karɓo shi. Cocin Katolika ya ayyana shi waliyyi a 1935, kuma a 2000 Fafaroma John Paul na Biyu ya naɗa shi waliyyin masu mulki da 'yan siyasa.