Gregory Pincus, masanin da ya samar da ƙwayar tazarar haihuwa

An haifi Gregory Goodwin Pincus ne a ranar 9 ga watan Afrilun 1903, a garin Woodbine na jihar New Jersey a Amurka.

Ya sami digirinsa na farko a fannin aikin gona a jami'ar Cornell a 1924, sannan ya kammala digirin digirgir a Harvard a 1927.

A 1934 ya ba da sanarwar cewa ya haɗa ƙwan zomanya da maniyyi a ɗakin gwaji. Lamarin ya jawo ce-ce-ku-ce, daga bisani kuma Harvard ta ƙi ba shi kujerar dindindin.

A 1944, shi da Hudson Hoagland suka kafa cibiyar bincike ta Worcester.

Yadda sinadari ɗaya ya zama biyu

A 1951 ne Margaret Sanger, mai fafutikar tsarin iyali, ta nemi ya samar da ƙwayar da mace za ta riƙa sha. Daga 1953 attajira Katharine McCormick ta ɗauki nauyin aikin.

Da farko Pincus da abokan aikinsa, Min Chueh Chang da Dokta John Rock, sun dogara ne ga sinadari ɗaya, wato projestin.

To amma a 1956, shekarar da aka fara babban gwaji a tsibirin Puerto Rico, sai aka gano cewa maganin ya gauraya da ɗan sinadarin istrojin. Da aka tace shi, mata suka fara ganin jini ba a lokacin al'ada ba, saboda haka aka mayar da istrojin ɗin da gangan.

Wannan haɗin ne, mai suna Enovid, hukumomin Amurka suka amince da shi a 1960.

Sai dai an soki gwajin, saboda ba a yi wa matan cikakken bayani ba, kuma Pincus bai ba koke-kokensu na jiri da tashin zuciya muhimmanci ba.

Ya rasu a birnin Boston ranar 22 ga watan Agustan 1967, yana da shekaru 64, sakamakon wata cutar jini.

Wacce ta fi aminci?

A farkon shekarun 1970 aka amince da ƙwaya mai projestin kaɗai a Amurka.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa nau'o'in biyu kusan ɗaya suke: idan ana sha bisa ƙa'ida, ƙasa da mace ɗaya cikin 100 ke ɗaukar ciki a shekara. Idan ana mantuwa, adadin kan kai bakwai.

Bambancin yana wajen kiyaye lokaci. Mai sinadari biyu tana hana fitar ƙwai ne, yayin da tsohon nau'in mai sinadari ɗaya ya fi dogara ga kaurara ruwan bakin mahaifa. Jinkirin da ya wuce sa'o'i uku kan raunana shi. Sabon nau'in desogestrel yana jure jinkirin sa'o'i 12.

Duk da haka, mai sinadari ɗaya ce ake ba masu shayarwa da masu hawan jini, domin istrojin na iya rage nono, yana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini. A tsakanin masu shayarwa, kimanin ɗaya cikin 100 ce ke ɗaukar ciki.

Ke nan ga mai goyo a Wagini ta ƙaramar hukumar Batsari, amincin ƙwayar ya rataya ne a kan shan ta a lokaci guda kullum, da kuma karɓo sabon kati a asibiti kafin na hannu ya ƙare.