Abdu Mumuni, ɗan Tasawa mai binciken hasken rana

Duk wanda ya ji an ambaci jami'ar Yamai ya ji sunan Abdu Mumuni, amma kaɗan ne suka san cewa a Tasawa aka haife shi, ran 26 ga watan Yuni 1929. Ya yi lakwal ta farko a Damagaram da Yamai, sa'an nan aka tura shi Senegal, makarantar William Ponty, inda Turawan mulkin mallaka ke horar da malamai da ma'aikatan ƙasashenmu. Galibin ɗalibai daga nan suke kama aikin gwamnati. Shi kuwa sai ya zarce zuwa Faransa.

A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyon a fannin fiziki, wato ilimin haske da zafi da motsi. Kafin shi babu wani ɗan Afirka baƙar fata da ya ci ta a wannan fanni. Ya koyar a Dakar da Konakri da Yamai, yana cikin masu fafitikar neman ƴancin kai. A 1964 ya fitar da littafinsa a kan ilimi a Afirka, inda ya nuna cewa ya kamata a koyar da yaro da harshen da ya sha a nono. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci da Hausa, wannan magana taku ce.

To, amma babban aikinsa yana ga rana. Ya je Tarayyar Sobiyet ya zurfafa bincike a kan ƙarfinta, ya kafa ɗakin gwaje-gwaje a Bamako, kuma a 1967 ya sami digirin dakta na ƙasa a Paris. Mai irin wannan digiri a wancan zamani, da ya so zama a Turai, da ba a rasa ba shi kujera ba. A 1969 ya komo gida ya riƙe ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, har 1985.

Me ya sa rana? Wanda ya san karkarar Mayahi da Kanambakashe ba ya bukatar dogon bayani. Mata na tafiya nesa neman itacen girki, daji na ƙarewa, man fetur kuwa, a wancan zamani, sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita daga bakin teku kafin ya iso mu. Rana ce kaɗai ke isa kowane ƙauye ba kuɗin mota. A ofishin nan aka riƙa ƙera tukwanen dumama ruwa: faifan ƙarfe ne da aka shafa wa baƙin fenti, a rufe shi da gilashi, ruwa na bi ta cikin bututu yana kwasar zafi. Aka gwada murhu mai madubi kamar ƙwarya, wanda ke tattara haske wuri guda a gindin tukunya. A ganina nan ne darajarsa take, domin lissafin da ya kai shi ga digirin dakta shi ne ya auna girman madubin.

Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga watan Afrilu 1991, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.