Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Gwandu, da Yadda Yake Tsara Waƙa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban Halitta da alayensa da sahabbansa.

An haifi Shehu Abdullahi bin Fodiyo, Allah Ya yarda da shi, a shekarar 1180 Hijiriyya (1766). Ya yi karatu a hannun yayansa, Mujaddadi Shehu Usmanu, da Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya tashi cikin ɗariƙar Ƙadiriyya. Ya ƙware a nahawu da sarfu da arula, har ya mayar da ƙa'idojin sarfu waƙa a littafinsa Hisnur Rasin domin almajirai su haddace.

Mai son sanin yadda baiti ke zo masa sai ya duba Tazyinul Waraƙat, wanda ya haɗa a 1813. A ciki ya jera ƙasidunsa, kowace ya fara faɗin abin da ya haife ta: inda ake, da wanda aka rasa ko aka yaba, da halin da jama'a ke ciki. Malam Abdullahi ba ya waƙa sai da dalili. Tun yana saurayi ya yi wa ƙasidar yabon Annabi ta Shehu tahamisi, wato ya gabatar da shaɗara uku nasa a kan kowane baiti, bisa ma'auni guda, ba tare da ya karkatar da ma'ana ba. Aiki ne na mai ladabi ga malaminsa.

Wajen 1786, suna yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, Malam Mustafa Gwani ya aiko da baitoci yana sukar barin mata su halarci majalisin Shehu. Shehu ya umarci ƙanensa ya ba da amsa. Ya amsa a kan bahari da ƙafiyar mai sukar, ya kafa hujja cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. Bayan nasarar Tabkin Kwatto a 1804 ma ƙasida ya yi.

Wadda ta fi nauyi kuwa ita ce ta 1807. Ya ga mutanen kirki da yawa sun yi shahada, ya ga waɗansu sun juya ga neman mulki da dukiya. Zuciyarsa ta ƙi, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar Hajji, a cikin wannan tafiya ya tsara baitocin kokawa da halin da ya baro. Bai sassauta wa nasa ba don suna nasa. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, sannan ya komo.

Daga baya ya riƙi yammacin daula daga Gwandu, wadda Jega da Aliero da Maiyama ke ƙarƙashinta. Ya rasu a 1245 Hijiriyya (1829), kabarinsa yana Gwandu ana ziyarta. Allah Ya ba mu albarkacinsa, amin.