Leonardo da Vinci, almajirin da dodonsa ya razana mahaifinsa

An haifi Leonardo ranar 15 ga Afrilu 1452 kusa da garin Vinci a ƙasar Italiya. Tun yana saurayi aka kai shi birnin Florence koyon zane wajen Andrea del Verrocchio.

Marubucin tarihinsa, Giorgio Vasari, ya ruwaito cewa wata rana mahaifinsa ya kawo masa garkuwar katako ta wani manomi don ya yi mata ado. Sai yaron ya tara ƙadangaru da macizai da fara da jemagu a ɗakinsa, ya ari gaɓa daga kowanne, ya zana dodo guda. Da uban ya leƙo, sai ya ja da baya a firgice, ya zaci abin mai rai ne.

Daga baya Leonardo ya rubuta wa masu koyo dabarar: kowace gaɓar dodo a ɗauko ta daga dabbar gaske, kan kare, idon kyanwa, girar zaki, wuyan kunkuru. Ido ya fi yarda da abin da ya sani.

Ya rasu ranar 2 ga Mayu 1519 a Amboise, ƙasar Faransa.