Benjamin Franklin: Yaron shagon kyandir da ya koya wa kansa rubutu da lissafi

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen 'yan canji ya ga takardar dala 100, to ya ga hoton wani dattijo mai sanƙo a goshi da dogon gashi a ƙeya. Mutane da yawa sun ɗauka ɗaya ne daga cikin shugabannin Amurka, alhali bai taɓa shugabantar ƙasar ba. Sunansa Benjamin Franklin, sana'arsa ta asali buga takardu a maɗaba'a, kuma iyakar zaman da ya yi a makaranta shekara biyu ne.

A wannan zamani da wayoyinmu suka cika da masu zaburarwa, kowa na cewa a tashi a nema amma ba mai cewa ta ina za a fara, rayuwar mutumin nan ta cancanci a waiwaye ta. Ya bar bayani dalla-dalla kan yadda ya horar da kansa, a littafin tarihin rayuwarsa da ya fara rubutawa a 1771, kuma yawancin abin da ya yi bai buƙaci komai ba sai takarda da alƙalami da lokacin da wasu ke barci.

An haife shi ranar 17 ga Janairun 1706 a birnin Boston, lokacin yankin na ƙarƙashin mulkin Ingila. Mahaifinsa Josiah mai yin kyandir da sabulu ne, yana da 'ya'ya 17, Benjamin ne na 15. An sa shi makaranta yana ɗan shekara 8, aka cire shi yana da 10 saboda nauyi ya yi wa uban yawa. Rubutunsa ya yi kyau, amma ya faɗi lissafi. Daga nan sai shago: yanka lagwani, zuba narkakken kitse a mazubin kyandir, da zuwa aike. Bai so aikin ba ko kaɗan, har uban ya ji tsoron kada ya gudu ya bi jirgin ruwa. Da ya kai shekara 12 sai aka miƙa shi ga yayansa James mai maɗaba'a, bisa yarjejeniyar zai yi masa aiki yana koyon sana'a har ya cika shekara 21.

Yadda ya koyi rubutu

A maɗaba'ar ne ya saba da yaran masu sayar da littattafai. Sukan ara masa littafi da yamma a ɓoye, ya kwana yana karantawa, ya mayar da sassafe kafin mai shago ya lura.

Yana da aboki mai suna John Collins da suke yawan musu, har suka koma yin musun ta wasiƙa. Wata rana mahaifinsa ya ci karo da wasiƙun. Bai shiga batun wa ke da gaskiya ba, sai ya nuna wa ɗansa cewa abokin nasa ya fi shi iya tsara magana da fito da ma'ana fili. Yaro ɗan shekara goma sha zai iya fushi da irin wannan. Benjamin ya duba, ya ga haka ne, ya nemi hanyar gyara.

Ya samu wani kundi na mujallar Spectator, wadda Joseph Addison da Richard Steele suka riƙa fitarwa a Landan a 1711 da 1712. Sai ya ɗauki maƙala guda, ya rubuta taƙaitacciyar ma'anar kowace jimla da kalmomi kaɗan, ya ajiye littafin. Bayan 'yan kwanaki, da ainihin kalmomin suka fita daga kansa, sai ya sake gina maƙalar da nasa kalmomin, sannan ya buɗe littafin ya gwada nasa da na asali, ya ga inda ya gaza, ya gyara. Da ya lura kalmomin da ya sani ba su da yawa, sai ya riƙa mayar da labari zuwa waƙa, domin neman amsa-amo na tilasta wa mutum lalubo kalmomi iri-iri masu ma'ana ɗaya, daga baya kuma ya sake mayar da waƙar zube. Wani lokaci yakan yamutsa 'yan bayanan da ya rubuta, ya bar su makonni, sannan ya yi ƙoƙarin jera su yadda ya kamata, don ya koyi tsara tunani.

A ganina, wannan ne mafi amfani a duk labarinsa. Ba shi da malami, don haka ya mayar da aikin gwani ya zama malaminsa, yana auna kansa da shi kullum. Mai koyon ɗinki zai iya yin haka da rigar da babban tela ya ɗinka, haka mai koyon zane a kwamfuta ko rubuta takardar neman aiki. Yawan karatu ko kallon bidiyo kaɗai ba ya nuna wa mutum kuskurensa, sai ya yi nasa ya ajiye kusa da na gwani.

Lokacin da yake wannan aiki kuwa shi ne dare bayan an tashi, da asuba kafin a buɗe maɗaba'a, da ranar Lahadi. Kuɗin littafi ma sai da ya yi musu dabara. Yana ɗan shekara 16 ya daina cin nama, ya roƙi yayansa ya riƙa ba shi rabin abin da yake biya masa na abinci, shi zai ciyar da kansa. Daga wannan rabin ya riƙa tsimin rabi yana sayen littattafai. Idan ma'aikata sun tafi cin abinci, shi sai ya ci burodi da zabibi ya kora da ruwa, ya buɗe littafi. A haka ya ɗauki littafin lissafin nan da ya gagare shi a makaranta, ya bi shi daga farko har ƙarshe shi kaɗai.

A 1722 ya gwada kansa. Ya san yayansa ba zai buga rubutun ƙaninsa a jaridarsa ba, sai ya riƙa rubuta wasiƙu da sunan wata bazawara da ya ƙirƙira, Silence Dogood, yana zurawa ta ƙarƙashin ƙofa da dare. An buga guda 14, jama'a na ta yabo. Da asiri ya tonu, James bai ji daɗi ba. Dama yakan doke shi. A 1723, yana da shekara 17, Benjamin ya karya yarjejeniya ya gudu.

Filadelfiya da Landan

Ya isa Filadelfiya a gajiye, da dala ɗaya da 'yan kwabbai a aljihu. Ya samu aiki a wata maɗaba'a. Gwamnan lardin, William Keith, ya yi masa alkawarin takardun da za su sa a ba shi bashi a Landan ya sayo kayan buɗe tasa maɗaba'ar. Sai da ya sauka Landan a Disambar 1724 ya gane babu takarda ko ɗaya, gwamnan mai zaƙin baki ne kawai. Sana'ar hannunsa ce ta cece shi. Ya yi kusan shekara ɗaya da rabi yana aiki a manyan maɗaba'u biyu na birnin, abokan aiki na kashe albashinsu a giya, shi yana shan ruwa. Ya dawo a 1726.

A 1727 ya haɗa ƙungiyar matasa 12, akasarinsu masu sana'ar hannu, ana kiranta Junto. Suna zama duk daren Juma'a. Kowa zai zo da tambaya kan ɗabi'a ko siyasa ko kimiyya, kuma duk wata uku zai karanta maƙalar da ya rubuta. Suna da wata doka da nake ganin majalisun hirarmu za su amfana da ita: wanda ya yi magana da gadarar shi kaɗai ya sani, ko ya ƙaryata ɗan'uwansa kai tsaye, sai ya biya tara. Ƙungiyar ta yi kusan shekara 40, kuma 'ya'yanta ne suka riƙa kawo masa aiki da ya buɗe maɗaba'arsa a 1728. Biyu daga cikinsu ne suka ara masa kuɗin da ya sallami abokin haɗin gwiwarsa.

A 1729 ya sayi jaridar Pennsylvania Gazette. Da kansa yake tura takardun da ya sayo a baro, ya ratsa tsakiyar gari, don 'yan kasuwa su ga ba shi da girman kai, su yarda su ba shi kaya bashi. Shi da kansa ya bayyana cewa da gangan yake yin hakan. Wasu na kiran wannan riya. Ni dai na ga a kasuwa suna jari ne, kuma tura baro ba zai yi masa rana ba da ba ya biyan bashi a kan lokaci.

Daga Junto ne ɗakin karatu na karo-karo ya fito a 1731: mutum 50, kowa ya ba da sule 40 na farko, sannan sule 10 duk shekara. Da ya ga mutane na ja da baya idan ya ce shawarar tasa ce, sai ya koma cewa ta wasu abokai ce suka aiko shi. Nan take abu ya tafi.

Ɗan littafin ɗigo

Abin da ya fi shahara da shi a fagen gyaran hali shi ne ɗan littafin da yake yawo da shi. Ya zaɓi halaye 13 da yake son su zama jikinsa, ciki har da rage ci da sha, kame baki, tsari, cika abin da ya ƙudurta, tsimi, himma, gaskiya, adalci, tsafta, natsuwa da kamun kai. Ya ja layuka bakwai na kwanakin mako, da layuka 13 na halayen. Duk dare sai ya yi wa kansa hisabi, ya sa baƙin ɗigo a inda ya kauce. Bai kama su duka lokaci guda ba. Kowane mako hali ɗaya yake sa wa ido sosai, ya zagaye su a mako 13, sau huɗu ke nan a shekara. Saboda yawan gogewa takardar ta riƙa hujewa, har ya koma amfani da allon hauren giwa da ake sharewa da jiƙaƙƙen soso.

Ya kuma raba yininsa: tashi ƙarfe 5 na asuba ya tsara alherin da zai yi a ranar, aiki daga 8 zuwa 12, sannan daga 2 zuwa 6, da dare ya tambayi kansa me ya yi, ya kwanta ƙarfe 10.

Tsari dai ya gagare shi. Har ya tsufa takardunsa a hargitse suke, kuma ya gano mai sana'ar da kwastomomi ke shigo masa duk lokacin da suka ga dama ba zai iya bin agogo sak ba. Tawali'u kuwa, da farko ba ya cikin jerin, sai da wani aboki ya gaya masa ana ganinsa da girman kai. Ya yarda cewa kamanninsa kawai ya samu. Ya daina amfani da kalmomin yanke hukunci a muhawara, ya koma cewa a ganinsa ko a fahimtarsa, kuma wannan kaɗai ya sa mutane suka fi saurarensa.

A 1748, yana da shekara 42, ya miƙa gudanar da maɗaba'ar ga David Hall bisa yarjejeniyar rabon riba ta shekara 18, ya koma bincike da hidimar jama'a. Gwajinsa na 1752 ya nuna walƙiya lantarki ce, shi ne kuma ya ƙirƙiro sandar ƙarfen da ake kafawa a saman gini don kariya daga aradu. Bai taɓa yin rajistar mallakar abin da ya ƙirƙira ba. Da hannunsa a kafa ƙungiyar kashe gobara a 1736, da asibiti da makarantar da ta zama Jami'ar Pensilbaniya. Ya sa hannu a takardar ayyana 'yancin Amurka a 1776, ya shawo kan Faransa ta mara wa ƙasarsa baya a 1778, ya sa hannu a yarjejeniyar sulhu da Ingila a 1783 da kundin tsarin mulki a 1787.

Inda littafin bai kai ba

Mutumin da ke ƙirga ƙananan kurakuransa duk dare ya bar manya ba ɗigo. Matarsa Deborah, wadda ta tsare masa shago tun suna fafutuka, ta rasu a Disambar 1774 yana Landan, rabonsa da ita shekara goma. Ɗansa William, gwamnan lardin New Jersey, ya goyi bayan Sarkin Ingila a yaƙin 'yanci, kuma uban bai huce ba har ya mutu, abin da ya bar masa a wasiyya bai taka kara ya karya ba.

Mafi nauyi shi ne batun bauta. Franklin ya mallaki bayi baƙar fata a gidansa, jaridarsa kuma ta ci kuɗin tallan sayar da bayi da cigiyar waɗanda suka gudu, duk da kalmar adalci na cikin littafinsa. Ra'ayinsa ya sauya a hankali. A 1787 ya zama shugaban ƙungiyar yaƙi da bauta ta Pensilbaniya, a Fabrairun 1790 kuma ya sa hannu a takardar koke ga majalisar dokokin ƙasa yana neman a kawo ƙarshenta. Majalisar ba ta yi komai a kai ba.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1790 yana da shekara 84, kuma kimanin mutum 20,000 suka halarci jana'izarsa. A wasiyyarsa ya bar wa Boston da Filadelfiya fam 1,000 kowanne, ya ce a riƙa bai wa matasa magidanta 'yan ƙasa da shekara 25 da suka gama koyon sana'a rance su kafa nasu shagon, a ci gaba da juya kuɗin har shekara 200. Da wa'adin ya cika a 1990, asusun biranen biyu ya kai miliyoyin daloli.