Alhassan Ɗantata: Abin da Ɗan Mai Shanu Daga Azare Ya Tsinta a Tarihinsa

 Ni ɗan Azare ne, ƙasar Katagum, kuma a kara na tashi. Tun ban san dama da hagu ba Baba yake sayen shanu a Azare da Potiskum yana lodawa Legas.

Shekara uku da suka wuce, gab da Babbar Sallah, Baba ya zuba duk jarinsa har da bashin da ya ciwo a tirela ɗaya. Mota ta lalace a hanya kwana biyu, shanu uku suka faɗi, sauran suka rame, ya isa ya tarar kasuwa ta cika maƙil. Dole ya bayar bashi, kuma har yau wani kuɗin bai fito ba. A wannan lokacin ne na fara kwana da waya a hannu ina karanta tarihin manyan fatake, don in gane ko arziki sa'a ce kawai. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata.

An haife shi a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, cikin zuriyar Agalawa, mutanen da suka shahara da fatauci. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, amma ya rasu Alhassan yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Ankara ta ƙasar Gana ta yau da zama. Wata baiwa mai suna Tata ce ta riƙe shi, daga nan sunan Ɗantata ya samo asali. Ya yi almajiranci a Bebeji, ya yi aikin ƙarfi don ya ci, kuma ana cewa Tata ce ta koya masa ajiya a asusu. Wannan ya ba ni mamaki, domin ni da a zatona gadon dukiya ya tarar. Ashe sunan gida ya gada da sanin hanya, kuɗin kuwa da kansa ya tara su.

Yana saurayi ya bi ayarin fatake zuwa wajen mahaifiyarsa, ya sayi 'yan kaya a gida yana sayarwa a hanya. Labarin da ake bayarwa shi ne ba ta ajiye shi a gida ta shagwaɓa shi ba, wajen malami ta kai shi ya zauna har lokacin komawarsa. Bayan ya dawo sai ga Basasar Kano, wadda ta ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Yaƙin ya ci Bebeji, aka kama Alhassan da 'yan uwansa, sai da suka fanshi kansu. Wato tun bai kai shekara ashirin ba ya ɗanɗani maraici, ya ɗanɗani bauta, ya kuma sake farawa daga ƙasa.

Sana'ar kakanninsa ita ce goro. Ayari kan tashi da jakuna zuwa Gwanja, a yi watanni a hanya, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a kowace ƙasa, ga goro da ba ya son zafi. Alhassan ya lura cewa jirgin ruwa yana zirga-zirga tsakanin Ankara, Sekondi da Legas. Tun wajen 1906 ya fara ɗora goronsa a jirgi zuwa Legas, daga nan ya haura da shi arewa. Kayan dai su ne na gado, hanyar ce ya canza. Ku da kuke zaune a kudu ku lura, ta irin garuruwan da kuke ciki yau, Legas da Ibadan, arzikin mutumin nan ya bi kafin ya isa Kano.

A 1911 layin dogo ya iso Kano. Turawa sun sa ran auduga za a riƙa lodawa, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma ko kasuwa ta faɗi ana iya cinta a gida. Daga 1912 gyaɗa ta zama ita ce magana. Ba Ɗantata ne ya fara shiga ba, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo sun riga shi. A 1918 ne ya zama mai saya wa kamfanin Niger Company. Da ya shiga kuwa, ya shiga da abin da wasu ba su da shi: jari a hannu, da yara amintattu da ya riga ya sani tun harkar goro. Yakan ba su kuɗi tun kafin kaka su bazu ƙauyuka, idan gyaɗa ta fito ta wajensa take bi. Cikin 'yan shekaru ya zama wanda ya fi kowa dukiya a Kano. Bai kuma saki goro ba, ya haɗa da tufafi da duwatsun ado da sauran kaya.

A 1929, da bankin Turawa na Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, an ce kuɗin azurfa ya kai ajiya a kan raƙuma ashirin. Mutane sun fi son wannan labarin saboda yawan kuɗin. Ni abin da na gani a ciki daban ne: mutumin da ke da raƙumi ashirin na tsabar kuɗi a ajiye, ai bai zuba komai nasa a kasuwa ɗaya ba ke nan. Asusun Tata ne ya girma.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a unguwar Sarari a Kano. 'Ya'yansa irin su Sanusi da Aminu suka ci gaba da kasuwancin, kuma Aliko Dangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

To ni me na ƙaru da shi? Da ina ganin asarar Baba ƙaddara ce zalla. Ƙaddara ce, babu musu, amma yanzu na gane shanun da suka faɗi ba su ne suka karya shi ba. Rashin abin da ya rage a gida ne. Wanda ya bar rabi a baya, idan mota ta lalace ya yi asara, amma zai sake lodi. Wanda ya zuba duka, har da na mutane, rana ɗaya ta ishe shi. Na kuma fara rubuta komai a littafi: kuɗin saniya, la'adar dillali, kuɗin mota, abin da ake karɓa a shingaye, harawa, abincin yara. Wallahi da na tara lissafin wata tafiya da muke murna an ci riba, sai na ga da ƙyar uwar kuɗi ta dawo.

Bana Baba ya sayar da wani bijimi ya ba ni kuɗin ya ce in ja jari. Abokaina suka ce in zuba duka a lodin Sallah, wai haka ake zama Alhaji. Na yi kwanaki ina juyawa. A ƙarshe na raba uku: kashi ɗaya na haɗa gwiwa a lodi, kashi ɗaya na sayi 'yan maruƙa ina kiwo a gida, na ukun yana ajiye ban taɓa ba. Wasu na ce mini matsoraci. Mai yiwuwa idan lodin ya yi kyau in yi cizon yatsa, na san da haka, kuma na yarda.

'Yan uwa da ke karɓar shanunmu a kudu, masu biyan bashi a kan lokaci Allah ya saka muku, masu ja kuma a tuna akwai gida a Azare da ke jiran kuɗin nan. Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya jiƙan iyayenmu, ya sa albarka a nemanmu.