Huo Yuanjia: yaron da aka hana koyon kunfu, ya buɗe ƙofarsa ga kowa

Daga Dungu zuwa Matamaye, da wuya a samu matashin da bai taɓa kallon fim ɗin Bruce Lee ko Jet Li ba. Sai dai kaɗan ne suka san mutumin da waɗannan taurari biyu suka ɗaukaka sunansa, wato Huo Yuanjia.

An haife shi a 1868 a ƙauyen Xiaonanhe, kusa da birnin Tianjin a arewacin ƙasar Sin. Mahaifinsa, Huo Endi, manomi ne da ke rakiyar ayarin fatake don kare su daga ƴan fashi. Gidansu na da salon faɗa na gado mai suna Mizong, wanda ba a koya wa bare, kamar yadda dambe ya daɗe a hannun mahauta a ƙasar Hausa.

Yuanjia ya tashi da yawan laulayi. Masu ba da tarihinsa sun ce mahaifin ya hana shi shiga horo, don gudun kada a kayar da shi a zubar da mutuncin gida. Sai yaron ya riƙa laɓewa yana kallon ƴan'uwansa, ya koma gefe yana maimaita abin da ya gani. Asirinsa ya fito ne ranar da ya kayar da wani baƙo da ya zo ƙalubalantar gidan. Daga nan mahaifin ya karɓe shi.

Lokacin da ya zama magidanci, ƙasarsa na cikin ƙasƙanci. Japan ta ci ta da yaƙi a 1895, kuma a 1900 sojojin ƙasashe takwas suka shiga Tianjin da Beijing. Baƙi na yi wa Sinawa kallon raunana marasa lafiya. Shi ya sa, da wani Bature mai nuna ƙarfi, Hercules O'Brien, ya yi cika-baki a Shangai a 1909, kuma Huo ya amsa kiran, sunansa ya bazu. An ce Baturen ya bar gari ba a kara ba.

Babban aikinsa ya zo a 1910. Shi da abokansa, ciki har da attajiri Nong Jinsun, suka kafa makarantar Jingwu a Shangai. Kafin nan, mai son koyo sai ya zama ɗan gida ko ya yi shekaru yana hidima ga malami, kuma in malamin ya mutu bai bar magaji ba, iliminsa ya bi shi kabari. Jingwu ta karɓi duk wanda ya zo, daga baya ta tara malaman salo daban-daban wuri guda, ta buga littattafai, ta buɗe sashen mata.

Huo bai ga wannan bunƙasa ba. Ya rasu a wannan shekarar yana da shekara 42, bayan fama da ciwon ƙirji. Jama'a da dama sun yi zargin guba aka ba shi, kuma a kan wannan zargi aka gina fim ɗin Bruce Lee na 1972, Fist of Fury. Jet Li ya fito a matsayinsa a Fearless a 2006.

Almajirinsa Liu Zhensheng da ɗansa Huo Dongge sun riƙe aikin. Daga 1920 rassa suka yaɗu zuwa Singafo da Malesiya, kuma har yau ƙungiyar na raye.

A Nijar ma an bi irin wannan hanya: tun gasar takobi ta farko a Tawa a 1975, kokowa ta tashi daga dandalin ƙauye ta zama abin alfaharin ƙasa. Tambayar da rayuwar Huo ta bar wa tsoffin ƴan kokowar Damagaram ita ce: wa zai karɓi dabarunsu kafin su kwanta dama?